Duwatsun Rumawa: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Ƙofar Jatau, Zariya

An umurce ni in yi muku bayani a kan wani abu ƙanƙane wanda sau da yawa bai fi ƙwayar gujiya girma ba, watau dutsen ado irin na dā wanda ake tonowa daga ƙasa, musamman irin wanda 'yan kasuwa ke kira dutsen Rumawa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Saboda haka tarihin ƙasarku ku ne masu shi. Nawa dai in isar muku da abin da masana suka gano, da kuma taimakon da ake nema daga gare ku.

Wannan ƙofa da muke zaune kusa da ita ana danganta sunanta da Sarkin Zazzau Isiyaku Jatau, mahaifin Makau, wanda ya yi sarauta a ƙarshen ƙarni na 18. Amma ƙasar da ganuwa ta kewaye ta girmi Jatau nesa ba kusa ba. Ga shi kuwa kullum ana haƙa ta: wannan yana tonon harsashin gida, wancan yana haƙa rijiya ko masai, wani kuma yana ɗibar ƙasar gini a kududdufi, har da masu yankar jikin ganuwa. Duk inda fartanya ta shiga, mai yiwuwa ne ta fito da katanga ko ƙashi ko ƙarfe ko duwatsun ado. Abin da zai faru da su a wannan yini, ko su zama ilmi ko su zama asara, yana hannun mai unguwa da dagaci da hakimi.

Su Wane Ne Rumawa?

Rum birni ne a ƙasar Italiya, wanda ya bunƙasa har ya mallaki dukkan ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. A shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Rumawa suka ci birnin Kartaj a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu. A shekara ta 30 kafin haihuwarsa kuma Masar ta shiga hannunsu. Daga nan gaɓar Afirka ta Arewa ta zama tasu, har da manyan biranen da ke yankin Tarabulus. Mulkin yammacin daular ya rushe a shekara ta 476 Miladiyya, watau kusan shekara 150 kafin Hijira. Gabashinta kuwa, mai hedkwata a birnin da ake kira Istanbul yanzu, ya daɗe har zuwa 1453. Su ne Rumawan da malamanmu suka sani a cikin Suratur Rum.

Yadda Suke Yin Duwatsun

Yawancin duwatsun adon Rumawa na gilashi ne, watau ƙarau. Ana narka shi a manyan matoya a Masar da gaɓar ƙasar Sham. Kayan haɗin biyu ne: yashi mai kyau, da wata irin kanwa da ake ɗebowa daga wani kwari a Masar mai suna Wadi Natrun. Amfanin kanwar shi ne ta sa yashi ya narke ba tare da wuta ta kai matuƙar zafi ba. Idan gilashin ya daskare, sai a farfasa shi gunduwa-gunduwa a sayar wa masu sana'a a garuruwa dabam-dabam, su kuma su sake narkawa. Wani ya naɗe narkakken gilashi a jikin tsinken ƙarfe, wani ya ja shi ya zama dogon bututu sa'an nan ya yayyanka. Launi kuwa daga ƙarafa yake fitowa: jan ƙarfe yana ba da kore ko ja, wani ƙarfe da ake kira kobalt yana ba da shuɗi mai duhu. Akwai ma irin da suke sa ɗan siririn ganyen zinariya tsakanin gilashi biyu, dutsen ya riƙa ƙyalli sai ka ce zinariya ce tsantsa.

Ku riƙe zancen kanwar nan, domin a kansa ne awon masana ya dogara. Wajen ƙarni na 9 Miladiyya masu gilashi na Masar da Sham suka bar kanwa suka koma tokar waɗansu tsire-tsire na ƙasa mai gishiri. Mutanen Iraƙi da Farisa kuwa tun can da toka suke aiki. To, gilashin kanwa da na toka ba su da bambanci a ido, amma na'urar awo tana rarrabe su, kamar yadda gogaggiyar mai tuwo takan gane miyar da aka sa wa kanwa da wadda aka sa wa toka.

Yadda Suka Ƙetare Hamada

Kudu da Tarabulus, a ƙasar Fazzan ta Libiya, akwai wata al'umma da Rumawa ke kira Garamanta, babban birninsu shi ne wanda ake kira Jarma yanzu. Manoma ne masu haƙa dogayen hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma fatake ne. Wani jarumin Rum mai suna Balbus ya kai musu yaƙi, aka yi masa bikin nasara a Rum a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, amma daga baya ciniki ne ya fi haɗa su. Masanan da suka tona kaburburan Jarma, tun daga Italiyawa a 1933 har zuwa ayarin Farfesa David Mattingly na Ingila wanda ya fara aiki a 1997, sun sami tulunan mai da na giya na Rum, da fitilu, da kwanonin gilashi, da duwatsun ado masu yawa. Sun kuma gano cewa mutanen Jarma da kansu suna sassaƙa tsakiya daga jan dutsen aƙiƙ da ɓawon ƙwan jimina.

Akwai labarin wani Barume mai suna Yuliyus Maternus, wanda ya bi sarkin Garamanta tafiyar wata huɗu zuwa kudu, har wata ƙasa mai suna Agisimba inda karkanda ke taruwa. Masana sun saɓa a kan wurin: waɗansu sun ce Azbin ne, waɗansu sun ce wajen Tabkin Chadi. Irin wannan tafiya dai ba a cika jin labarinta ba, abin da ya nuna kayan Rum sun fi mutanen Rum yin nisa.

A Abalessa, cikin duwatsun Ahaggar na kudancin Aljeriya, akwai kabarin da Buzaye ke cewa na kakarsu ne Tin Hinan. An buɗe shi a 1925, aka tarar da ƙasusuwa da mundaye bakwai na azurfa a hannu ɗaya, bakwai na zinariya a ɗayan, ga duwatsun ado, ga kuma ganyen zinariya mai ɗauke da tambarin kuɗin Sarkin Rum Kustantin, wanda ya yi mulki a farkon ƙarni na 4. Tambarin nan shi ya ba da shaida cewa ba a rufe kabarin kafin zamanin wannan sarki ba.

Idan muka gangaro ƙasar baƙar fata, sai Kissi, a arewacin Burkina Faso. Masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus sun fara tono a can a 1996, suka sami kaburbura waɗanda yawancinsu na ƙarni na 5 zuwa na 7 ne, da dubban duwatsun ado, da wuri, da tagulla, da guntayen ƙyallen ulu. Mai kallo da ido zai ce ai ga duwatsun Rumawa nan, tun da zamanin ya yi kusa da nasu. Da aka kai gilashin ɗakin awo, sai aka ga yawancinsa na toka ne, irin na ƙasashen gabas. Ashe dutsen ya yi tafiyar da ta fi ta Rum nisa, daga hannun wannan falke zuwa hannun wancan.

Darasi na farko ke nan. Samun dutsen wata ƙasa a wuri ba ya nuna mutanen wannan ƙasa sun taka wurin. A dā goron Gwanja yakan kai Tarabulus, amma manomin goro bai taɓa ganin Tarabulus ba.

Abin Da Aka Samu A Nijeriya

A ƙasar Hausa, wurin da ya fi shahara shi ne Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, inda akwai tuddai waɗanda kaburburan sarakunan dā ne. A 1907 Razdan Palmer ya sa aka tona manya daga cikinsu, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Kayan da aka fitar a wannan karo sun salwanta, ba a bar wa na baya zanensu ko cikakken lissafinsu ba. A 1992 aka sake tona tuddai uku, a wannan karo da haɗin gwiwar masanan Jamus da hukumar kayan tarihi ta Nijeriya. Aka ɗauke kaburburan da ƙasarsu gaba ɗaya, aka kai birnin Mainz na Jamus, aka bi su sannu a hankali. Nan aka ga 'yan kunnen zinariya, da awarwaron hauren giwa, da wuri, da tsakiyar aƙiƙ, da duwatsun gilashi, da kwanon tagulla irin na Gabas ta Tsakiya. Awo ya nuna kaburburan na tsakanin ƙarni na 14 da na 16 ne, watau kusan shekara dubu bayan rushewar yammacin daular Rum. Ku dubi bambanci: wuri ɗaya, tono biyu. Na farko ya bar mu da labari a baki, na biyu ya bar mu da shaida cewa sarakunan Katsina suna cuɗanya da duniya tun wancan zamani.

A Igbo-Ukwu, cikin Jihar Anambra, wani mutum yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa a 1938 ya ci karo da kayan tagulla. Daga baya Farfesa Thurstan Shaw ya tona wurin bisa ƙa'ida a 1959 zuwa 1960, da kuma 1964, ya sami duwatsun ado fiye da 165,000 na gilashi da aƙiƙ, waɗanda aka ƙiyasta na wajen ƙarni na 9 ko na 10 ne. Ku lura, mai haƙa rami a gidansa ne mafarin wannan babban ilmi.

A Ile-Ife kuma, a wani kurmi mai suna Igbo Olokun, binciken Dokta Abidemi Babalola ya tabbatar da cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 mutanen Ife suna narka gilashi nasu na kansu daga ma'adinan ƙasarsu, irin da babu kamarsa a Rum ko Masar. Masagan Bida ma an san su da aikin ƙarau. Darasi na biyu ke nan: ba kowane dutsen gilashi ne baƙo ba. Wanda ya ga abu mai kyau ya ce lalle daga ƙetare ya zo, ya tauye wa kakanninsa haƙƙi.

Kama Da Wane Ba Ta Wane

Duwatsu masu zanen furanni da idanu, waɗanda aka fi kira na Rumawa a kasuwa, da yawansu ba su wuce shekara 100 zuwa 200 ba. Rumawa sun yi irin wannan zane a Masar, gaskiya ne, amma mutanen birnin Benis na Italiya sun farfaɗo da sana'ar daga baya, suka yi ta turo duwatsun Afirka buhu-buhu a ƙarni na 19. Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851 ta hanyar Tarabulus da Murzuk da Agadas, ya kuma lissafa duwatsun Benis cikin hajar da ake kawowa kasuwar Kano. Irinsu ne ke cikin adudun kakanninmu mata tare da murjani da jigida.

Fataken Hausawa sun daɗe suna cinikin tsofaffin duwatsu a kasuwannin Afirka ta Yamma har zuwa Turai da Amurka, kuma cinikin abin da aka gada ko aka saya daga mai shi sana'a ce kamar kowace. Inda ɓarna take shi ne sa'ad da kuɗi suka sa aka shiga tone kufai da kaburbura da dare. An yi haka a kufan ƙasar Mali, an kuma yi a wuraren gumakan Nok a kudancin wannan jiha tamu ta Kaduna. Mai tonon yakan sami kuɗin cefanen kwana kaɗan, dillalin ƙetare ya ci riba ninki-ninki, garin kuwa a bar shi da ramuka.

Dalilin Da Ya Sa Wurin Ya Fi Dutsen Daraja

Malamai, ku ne za ku fi saurin gane wannan. Idan aka kawo muku wasiƙa babu hatimi, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya aiko, me za ku yi da ita? Ko da rubutun ya yi kyau, ba ta zama hujja a gaban alƙali. To, dutsen adon da aka cire daga ƙasa aka wanke aka zura a zare haka yake.

Ƙasar tsohon gari hawa-hawa take, kamar juji. Sharar bana tana bisa ta bara, ta bara tana bisa ta bara waccan. Masani yakan bi hawan nan ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙaramin cokalin gini, yana rubuta abin da ya fito daga kowanne, yana tankaɗe ƙasar da rariya don kada ƙaramin dutse ya kuɓuce. Shekarun wuri kuwa ana gane su daga gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi da ta ƙone, domin duk abin da ya taɓa rayuwa yana ɗauke da wani sinadari da ke raguwa a kan ma'auni sananne bayan mutuwarsa. Gilashi da dutse ba su taɓa rayuwa ba, saboda haka ba a auna su ta wannan hanya. Gawayin da ke kwance kusa da dutsen shi ne kwanan watan wasiƙar. Mai haƙa da ya ɗauki dutse ya watsar da gawayi, ya yage hatimi ya riƙe takarda.

Har wa yau dutsen ado abu ne mai daɗewa a hannu. Uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika. Dutsen da aka yi a Masar a zamanin Rumawa yana iya shiga ƙasa a Zazzau bayan shekara dubu. Awon gilashi yana faɗin inda aka yi shi da zamanin da aka yi shi, hawan ƙasa kuma yana faɗin lokacin da ya iso nan. Sai an haɗa shaidun nan biyu magana ke tsayawa.

Abin Da Doka Ta Ce

Tun 1953 akwai dokar kare kayan tarihi a Nijeriya. A 1979 aka yi Doka mai lamba 77 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Dokar ta hana tonon neman kayan tarihi sai da izinin hukumar, ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta yarje wa, ta kuma hana fita da su ƙasar waje ba da takardar izini ba. Ganuwar Zariya da Dutsen Kufena suna cikin wuraren da aka keɓe don a kiyaye su.

Abin Da Ake Roƙonku

Na farko, a sanar da dagatai da masu unguwanni, su kuma su gaya wa magina da masu haƙa rijiya da masu ɗibar ƙasa, cewa duk wanda ya ci karo da tukunya a binne, ko ƙasusuwa tare da kayan ado, ko tarin duwatsu, ya dakata da haƙa a wannan gefe, ya kai labari.

Na biyu, kada a tsorata wanda ya kawo labari. Idan talaka ya ga wanda ya faɗi gaskiya ya sha wahala ko an tsayar masa da gini wata da watanni, na gaba zai ɓoye. A yaba masa a bainar jama'a, a kuma hanzarta al'amarinsa.

Na uku, malamin hakimi ya je wurin da littafinsa a ranar. Ya rubuta kwanan wata, da sunan unguwa, da nisan wurin daga wata alama tabbatacciya kamar ƙofa ko masallaci ko rimi, da zurfin ramin, da launin ƙasar, da abin da ke kusa da kayan, da adadinsu da launinsu. A ɗauki hoto da waya tun kayan suna kwance, a ajiye wani abu sananne a gefe don a gane girmansu.

Na huɗu, abin da ya riga ya fito kada a wanke shi, kada a goge, kada a zura a zare, kada kuma a gauraya na rami biyu. Kowanne da ƙunshinsa da takardarsa. Gawayi da katanga da ƙashi ma a adana su, kada a raina.

Na biyar, a rufe ramin da faifan kwano ko tabarma saboda ruwa da yara da awaki, a sa ido a kansa da dare.

Na shida, hakimi ya aika da rahoto fadar Mai Martaba Sarki da ƙaramar hukuma, domin a sanar da gidan tarihi na ƙasa da ke Kaduna da sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Masanan ba su da nisa da mu.

Na bakwai, a tuna Musulmi ba a binne shi da kaya. Kabarin da aka ga ado a ciki yana da wani tarihi dabam, amma mai shi ɗan Adam ne, yana da alfarma. Kada a bar yara su yi wasa da ƙasusuwansa, kada kuma a bar masu neman tukunyar dukiya su yi masa kaca-kaca.

Ranku ya daɗe, labarin Turunku da Kufena da Sarauniya Amina mun gaje shi daga bakin magabata. Littafi idan ya tsufa akan kwafe shi, labari idan mai shi ya rasu wani yakan riƙe, amma ƙasa sau ɗaya ake karanta ta, domin tonon da ke buɗe ta shi ne ke share rubutun. Wata rana fartanyar wani magini a wannan unguwa za ta fito da 'yan duwatsu shuɗɗa. Ko na Masar ne, ko na Ife, ko na Benis, amsar tana nan cikin ƙasar da ke manne da su, muddin mai unguwa ya ji da wuri, malami kuma ya iso da alƙalaminsa kafin a kai su kasuwa.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya taimaki hakimai, Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Haza wasalamu.